Ƙwai Biyu Da Muryar Baba



Baba ya rasu ya bar mana amfilifaya ƙirar Sansui, da sifiku biyu, da kwalin kasakasai. Yawancinsu Shata ne da Ɗanƙwairo, amma akwai guda da ya naɗo muryarsa daga Makka ya aiko wa Inna nan Kademi, shekarun da ya zauna can. Duk sanda na kunna, sai Inna ta ce muryar ta bushe.

Wani mai gyaran rediyo a Sabon Gari, Kano, ya ce magani shi ne ƙaramar amfilifaya mai ƙwai, wadda sauti ke ratsawa kafin ya isa babbar. Ƙwan nan shi ne na rediyon kakanninmu, kafin tiransisto da aka ƙirƙiro a Amurka a 1947 ta kore shi. Wadda na saya 'yar China ce mai ƙwai biyu, 6J1. Na rungumo ta a cinya har Wudil, har Gaya, kamar jinjiri.

Gaggawa ta sa na soka wayarta a ramin PHONO. Ashe ramin nan na faifan garmaho ne, yana da nasa ƙarin ƙarfi, kuma yana kumbura sautin ƙasa. Sifikun suka yi wani gurnani, awaki suka watse, ni kuwa na tabbata na kashe gadon Baba. Allah Ya tsare. Washegari na mai da ita AUX, na tsayar da maɓallin ƙarar babbar a wajen ƙarfe goma na agogo, na riƙa juya na ƙaramar kaɗai. Sansui ɗin dama tana da nata matakin farko a ciki, don haka maɓallan ƙara biyu ne a jere. Ka buɗe su duka, huci da ƙugi za ka ji. Da janareta ma ƙugin ya fi yawa, sai na jira wuta ta dawo.

Bayan isha'i na kunna, na bari ƙwayayen suka yi ja, na sa kaset. Baba ya yi sallama, ya tambayi lafiyar gida da damina, da kauri a muryarsa kamar yana zaure. Jikina ya yi sanyi. Na san ƙwan ba ya dawo da abin da kaset ya rasa, ɗan ƙari yake yi na kansa wanda kunne ke so, amma ban damu ba.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi.

"Ta yi daɗi," in ji ta, "amma haka muryar Malam take in mura ta kama shi. Cire min."

Na cire. Yanzu Shata nake sa wa ƙwan.