Barci a zaune

Barcin zaune ba shi da nauyi. Kai ya sunkuya, mutum ya farka, ya koma. Shi ya sa mai gyangyaɗi ke tuna mafarkinsa sarai.

A Tibiri akwai wani yaro da kura ke kora cikin mafarki, kullum ya tashi da kuka. Lokacin girbi, ya bi kakansa gadin dammunan hatsi. Suka jingina da gindin gawo, barci ya ɗauke su a zaune. Kurar ta zo. Sai yaron ya ce a ransa: «Ashe mafarki nike!» Ya tsaya, ya dube ta. Ta juya, ta tafi.

Ba shi kaɗai ya san wannan ba. A ƙasar Tibet, cikin duwatsun Asiya, masu ibada na shiga halwa ta shekara 3. Suna barci zaune cikin akwatin katako, don hankalinsu ya kasance a farke har cikin mafarki. A 1975, a Ingila, wani masani, Keith Hearne, ya tabbatar da na'ura cewa mutum na iya sanin mafarki yake: mai barcin ya juya idanunsa hagu da dama, kamar yadda suka shirya.

Amma jiki na son kwanciya. Ko doki, mai barci tsaye, sai ya kwanta yake samun barcin mafarki. Wanda ya kwana zaune yakan tashi da ciwon wuya, ya wuni yana hamma cikin aji.

Ɗan makaranta dai ya kwanta bisa tabarmarsa. In abin tsoro ya zo, ya tambayi kansa: «Ido biyu nike, ko mafarki?»