Kiwon Ruwa Kafin Kiwon Kifi

Wanda ya saba da kiwon tarwaɗa yana iya ɗaukar kifi a matsayin halitta mai jimiri, kuma yana da hujja. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, shi ya sa take rayuwa a kududdufin da ya gurɓata. Kifin da ya fito daga tsakanin duwatsun murjani na teku bai san wannan rayuwa ba. Ya tashi a ruwan da gishirinsa da ɗuminsa ba su cika sauyawa ba daga wata zuwa wata, saboda haka ƙaramin canji a cikin tankin gilashi na iya kashe shi. Duk mai son ajiye teku a falonsa, ruwa ne zai fara kiwo, kifi ya biyo baya.

Wata Baturiya mai suna Anna Thynne ta gano haka tun kafin a ƙera famfon lantarki. A shekarar 1846 ta tsinci wasu ƙananan murjani masu rai a gaɓar tekun Torquay, ta ɗinke su da allura da zare a jikin soso, ta kawo su gidanta na Landan cikin tulun ruwan teku. Murjanin da Bahaushe ya sani dutsen ado ne na wuya, amma asalinsa dabba ce mai baki, mai cin abinci, wadda take gina wa kanta ƙashi. Thynne ta riƙa ciyar da nata da yankakken jatan lande, tana sauya musu ruwan da ake yi mata odarsa daga gaɓa. Da ruwan ya gaza, sai ta ɓullo da wata dabara: a tsaya gaban buɗaɗɗiyar taga, a riƙa juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan na rabin sa'a ko fiye, domin iska ta shige shi. 'Yar aikin gidan ce take yin wannan aiki, ko da yake sunan uwargida tarihi ya riƙe. Haka halittun suka shafe shekara uku a raye, nesa da teku. A 1853 gidan namun dajin Landan ya buɗe wa jama'a ɗakin kifaye, shekara guda bayan haka kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa wannan sha'awa a gidajen Ingila.

Na'urorin yau sun maye gurbin hannun 'yar aikin, amma bukatar tana nan yadda take. Kilo guda na ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma gishirin miya ba zai wadatar ba, domin na teku ya haɗa da magniziyam da kalsiyam da fotasiyam, waɗanda murjani yake bukata. Ana sayen gaurayen gishirin da aka haɗa musamman, a narkar da shi a ruwan da aka tace sosai. Ruwan famfo yana zuwa da kulorin, wani lokaci da ɓurɓushin tagulla, alhali tagulla guba ce ga murjani da jatan lande. Tanki mai lita 200 zai ci kusan kilo bakwai na gishiri, kuma idan aka haɗa nauyin ruwa da gilashi da duwatsu, teburin da zai ɗauke shi ya zama na gaske.

Sabon shiga yakan zaɓi ƙaramin tanki don yana ganin zai fi sauƙi. Lissafi ya saɓa masa. Idan ruwa ya ƙafe, gishiri ba ya tashi tare da shi. Tanki mai lita 20 da ya rasa lita guda, gishirinsa ya ƙaru da kusan kashi 5 cikin ɗari. Mai lita 200 da ya rasa lita guda, da ƙyar na'urar awo za ta nuna bambanci. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake cike gurbin abin da ya ƙafe da ruwan daɗi tatacce. Wanda ya ƙara ruwan gishiri, yana ƙona kifinsa ne a hankali ba tare da ya sani ba.

Wurin da aka fi yin asara shi ne makonnin farko. Kifi yana fitar da amoniya, haka ragowar abinci idan ya ruɓe, kuma amoniya ko kaɗan ce tana lalata inda kifi yake shaƙar iska. A teku, ƙwayoyin bakteriya ne suke kwashe ta. Wani jinsi yana mayar da ita naitirait, wanda shi ma yana da illa, wani jinsin kuma ya mayar da wannan naitiret, wanda kifi yake iya jure kaɗan daga cikinsa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ma'aikata. Dole a zuba duwatsu masu ramuka da za su zauna a ciki, a ba su ɗan abin da za su ci, sannan a jira mako huɗu zuwa shida ana auna ruwa, har amoniya da naitirait su sauka zuwa sifili. A tsawon wannan lokaci baƙo zai shigo falo ya ga gilashi mai tsada, fitila na haske, famfo na gurnani, babu ko kifi ɗaya, ya tambayi maigida ina abin da ya kashe wa kuɗi. Ruwan garau yake, kuma wannan garau ɗin ne yake yaudarar mai gaggawa, domin amoniya ba ta da launi. Ko bayan jiran, kifi ɗaya ko biyu ake sakawa, a bar bakteriya su yawaita daidai da sabon nauyi kafin a ƙara.

Daga nan aikin ya koma na yau da gobe: goge gansakuka daga gilashi, zubar da kumfar dattin da matata ta tara, sauya kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan duk bayan mako biyu, da kame hannu wajen ciyarwa.

Akwai abu biyu da mai zama a Kano ko Yamai zai auna kafin ya sayi ko da gilashi. Tankin murjani yana son ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 27, alhali a watan Afrilu zafin waɗannan garuruwa yana haura 40. Murjani yana rayuwa ne da taimakon wasu 'yan mitsi-mitsin tsirrai da suke zaune cikin jikinsa suna samar masa abinci daga haske, kuma idan zafi ya wuce ƙima sai ya kore su, ya yi fari fat, ya fara mutuwa da yunwa. Na biyu shi ne wuta. Famfo yana tsayawa, iskar oksijin za ta fara raguwa, kuma ruwa mai ɗumi da gishiri dama kaɗan yake riƙewa. Dare ɗaya ba wuta ya isa ya shafe aikin shekara. Kuɗin batir ko sola da na'urar sanyaya ruwa suna cikin ainihin farashin tankin, duk da cewa ba a rubuta su a jikinsa.

Sai batun inda kifin ya fito. Kifin nan mai ruwan goro da fararen ratsi, wanda fim ɗin Finding Nemo ya yi wa suna a 2003, ana hayayyafa shi a tankuna, kuma irin wannan ya fi jure zaman gida. Yawancin sauran jinsunan daga teku ake kamo su, musamman a Indunusiya da Filifin, inda wasu masunta suke fesa gubar sayanaid a cikin duwatsun murjani don kifi ya suma su ɗauke shi. Kifin yakan mutu bayan 'yan makonni a gidan wanda ya saye shi, murjanin da aka fesa wa gubar kuma ya mutu a inda yake. Tambayar mai sayarwa asalin kifi tana cikin aikin mai kiwo, haka ma sanin inda zai kai kifin da ya gaji da shi. Kifin zaki, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, kuma masana sun fi danganta zuwansa da masu tankuna da suka sake shi a teku. Yanzu ya bazu a tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifayen da ba su san shi ba, har hukumomi suna shirya gasar farautarsa.