Wake Ya Komo Gida

Jama'a, ni haifaffen Kumasi ne, a unguwar Aboabo aka yanke mini cibiya, amma asalinmu Daura. Kakan mahaifina shi ne ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja, suna kai kanwa da jan fata da tufafi, suna komowa da goro. Da kasuwar Salaga ta mutu bayan yaƙin basasar 1892, fatake suka watsu, shi kuwa daga baya ya yada zango a Kumasi, bai sake ganin rijiyar Kusugu ba har ya koma ga Mahaliccinsa. To, ni ne Allah ya nufa in dawo, ba da jaki ba, da takardun makaranta. A shekarar 2022 na sami gurbin karatu a wata babbar makaranta a nan Daura, na sauka a gidan Kawuna.

Abin da na fara cin karo da shi shi ne Hausata. Mu mutanen Zongo ba mu cika rarrabe mace da namiji a magana ba. Ranar da na ce wa 'yan ajinmu, "Malama ya zo," sai da aka yi ta dariya har malamar ta shigo ta tarar da su. Daga ran nan sunana ya koma Ɗan Gana. Ban ji haushi ba, don na san gaskiya suka faɗa.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne aljihu. A wannan shekara sidi, watau kuɗin Gana, ya yi mummunar faɗuwa, har hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin 100 a watan Disamba. Mahaifina tela ne. Abin da yake aiko mini ya riƙa ƙanƙancewa, ran nan dai ya kira ni ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, in abin ya gagara ka komo, badi ma shekara ce." Na kwana ban runtsa ba. In koma Aboabo hannu rabbana, bayan duk unguwa ta raka ni tasha? Sai na tuna da abu guda da na iya wanda babu wanda ya iya shi a Daura: girkin mahaifiyata.

Shekara fiye da ashirin tana sayar da abin da mutanen Gana ke kira wace, suna rubuta shi waakye. Mai karatu, kada sunan ya ruɗe ka, kalmar nan tamu ce, wake ce bakin baƙi ya lanƙwasa. Shinkafa da wake ne, sai dai akwai sirri a ciki. Za ka jiƙa wake, ka ɗora shi da 'yar kanwa da karan dafi, wannan dai da dukawa ke rina fata da shi. Idan ruwan ya yi ja wur har ya doshi baƙi, sai ka tsame karan, ka zuba shinkafa. Ana cin sa da garin rogo da taliya da dafaffen ƙwai da ganda, sa'an nan a ɗora masa shito, wani baƙin yaji da ake soyawa da albasa da citta da busasshen kifi da jatan lande a kan wuta kaɗan-kaɗan, awa da awanni, har ya yi baƙi bai ƙone ba. Tun ina ɗan shekara tara nake juya mata tukunyar shito kafin asuba.

Na sayar da wayata mai tsada na sayi ƙarama. Da ragowar kuɗin na sayi tukunya da kula biyu, da shinkafa tiya uku, wake tiya biyu. Karan dafi kuwa a wurin masu kayan ƙoli na same shi, mai sayarwa har yana tambayata ko maganin ƙarin jini zan haɗa. Wani abokina ya ba ni aron murhu a bayan ɗakinsu, na kafa tebur kusa da inda ɗalibai ke jiran abin hawa.

Ranar farko na sha kunya. Kowa ya leƙa kula sai ya ce, "Ɗan Gana, shinkafar taka ƙonewa ta yi?" Waɗanda suka daure suka ɗanɗana kuwa, shito ya sa su hawaye. Rabin abincin almajirai na rabar wa. Na gane cewa harshen Daura ba na Kumasi ba ne. Na rage barkono, na ajiye mai da yaji a gefe don wanda ya saba da garau-garau, na kuma riƙa ba da cokali guda kyauta. Kafin wata ya ƙare, kula biyu ba sa kai ƙarfe tara.

Ana cikin haka aka shiga wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023. Takardar Naira ta ɓace. Ɗalibi zai ci, ya ce ya turo ta waya, kuɗin su maƙale a hanya kwana uku. Ni kuwa mai wake a kasuwa ba ya karɓar komai sai tsaba. Na buɗe littafin bashi, kafin mako biyu ya cika shafi huɗu. Wasu sun biya, Allah ya saka musu. Wasu har yau in sun hango ni sai su sake hanya. Ban gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, farashin komai ya tashi. A nan na koyi cewa mai sana'a ba cinikinsa yake ƙirgawa ba, abin da ya rage bayan ya sake cika tukunya shi ne nasa.

Amma duk wannan bai kai ranar da labari ya isa kunnen Kawu ba. Bayan sallar isha'i ya aika aka kira ni zaure. Na durƙusa. Ya daɗe bai ce uffan ba, sa'an nan ya ce, "Ashe abin da ka zo yi ke nan? A gidan nan namiji bai taɓa riƙe ludayi a bakin titi ba. Ka san sunan da ake kiran masu wannan sana'a a ƙasar nan?"

Na sani sarai. Na ce, "Kawu, ka gafarce ni. Kuɗin makaranta nake nema, ban kuwa so in ɗora maka nauyi bayan wanda kake ɗauke da shi."

Ya ce, "Ko ka bar tukunya, ko ka bar gidana."

Goggo, yayarsa, tana daga soro na biyu tana jin mu. Washegari ta ce in zubo mata abin da ake ta rigima a kansa. Ta kai loma ɗaya, ta yi shiru, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ashe ita da Kawu a Kumasi aka haife su. Suna yara gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi a watan Nuwamba na 1969, aka ba marasa takarda mako biyu su fice. Mahaifinsu ya loda su a babbar mota suka taho Daura, kakana kuwa ya zauna. Tun daga ranar ba ta sake sa wannan abinci a baki ba. Ta ɗauki kwanon da kanta ta kai zaure, na ji tana cewa, "Malam, ci ka ji. Kai da kake kuka kowace safiya sai Inna ta saya maka wannan a ganye? Kuma da kake maganar ludayi, fataken da suka kai kakanmu Gwanja, wa ke dafa musu a hanya, aljanu?"

Ban ji amsar Kawu ba. Kwanon dai ya fito wayam. Bai taɓa ce mini ya janye maganarsa ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan kwana uku sai ga ƙaramin jikansa a gaban teburina da kwano da kuɗi a hannu, ya ce, "Wai in ji Alhaji, a sa baƙin yajin nan da yawa."

Da tukunyar nan na biya kuɗin makaranta har na gama, ban koma Aboabo hannu rabbana ba. Na kuma fahimci wani abu da ba a koya mana a aji ba. Koko da ƙosai da tuwon zafi da wace, waɗanda Gana ke alfahari da su a yau, sawun kakanninmu ne. Ni da na ɗauka baƙon abinci na kawo Daura, ashe ɗan gida na rako.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu na fama da rashi, amma kunya ta hana mu taɓa abin da hannunmu ya iya. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Nawa gatarin ludayi ne. Allah ya sa wa kowa albarka a nasa, amin.