Hutun da ya ja mini aiki

'Yan uwa manoma, kukan ce malamin kwaleji ya ji daɗi: wata uku yana hutu, albashi na zuwa. To, ga labarin nawa hutun.

A 1987 ina koyarwa a Madawa. Da aka rufe lakwal, sai na hau mota na tafi Buza. A kwarin Majiya na ga dogon yaro jere, layi biyu-biyu, cikin gonaki. Tun 1975 aka fara dasa su don tare iska. Wani dattijo ya ce mini: "Malam, da can iska ke binne mana shuka." Daga nan na wuce Keita, inda babban aikin gyaran ƙasa ya soma a 1984. Mata na tarar bisa tudu, suna haƙa ramu cikin tsakuwa don ruwan sama ya tsaya. Na ji kunya. Ni a allo kaɗai nake zancen hamada.

Da muka koma aiki, na tara yara, muka kafa ƙungiyar renon itace. Bayan tashi daga aji muke ban ruwa. Ba a biya na ko dala a kai.

Amma lokacin dashe damina ce, damina kuwa hutu ce. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu zuwa gona, kuma da gaskiyarsu. Awaki suka cinye rabi. Shekarar nan ban je ko'ina ba. Ni da yara uku muka kewaye sauran da ƙaya.