Waifai ɗin gida: ƙofar da ake shiga ba sallama

A Birnin Gwari ba a koya wa magidanci kulle ƙofa. Shekarun da muka yi muna kwana da kunne ɗaya a buɗe sun koya mana duba sakata sau biyu, da sanin wanda ya kwana a zaure, da tambayar baƙon fuska daga ina. Amma akwai wata ƙofa da ta shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan, wadda da yawanmu ba mu ɗauke ta ƙofa ba. Ina nufin 'yar na'urar waifai da ke ajiye a kan firij ko gefen talabijin. Ita ba ta san katanga ba. Wanda ke zaune a dakalin ƙofar gidanka yana iya shiga cikinta kamar yadda ɗanka da ke tsakar gida yake shiga, kai kuwa ba za ka ji ko motsi ba.

Mu nan mun san darajar sabis fiye da mutanen wurare da dama. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu ƙananan hukumomi, har da tamu, saboda matsalar 'yan bindiga, sai a ƙarshen Nuwamba aka sanar da maido da su. Wanda ya ga waɗancan watanni, ba kira, ba tura kuɗi, ba jin labarin ɗan'uwa da ke Kaduna ko Funtua, ba ya wasa da intanet. Da aka sake buɗe kasuwar Kara a Nuwamban 2024, ciniki ya fara dawowa, kuma wani ɓangarensa a waya ake yin sa. Ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Ka ga data ta zama kamar buhun masara a rumbu, da gumi ake saye.

A gidana da ke Magajin Gari, wayoyi biyar ke hawa na'urarmu: tawa, ta uwargida da take tallar atamfa da turaren wuta a WhatsApp, ta babbar 'yata mai shirin jarrabawar JAMB, da na ƙannena biyu. Na san adadin ne domin nakan duba duk Juma'a. Wani aminina da muke salla masallaci ɗaya ya kawo mini kuka cewa datar wata guda tana ƙare masa cikin kwana tara, har ya fara zargin kamfani. Muka zauna muka buɗe shafin na'urarsa. Wayoyi goma sha huɗu muka tarar, alhali mutanen gidansa masu waya huɗu ne. Ya rantse mutum ɗaya tak ya taɓa ba kalmar sirri, ɗan yayarsa. Kuma gaskiya ya faɗa. Tun daga Android 10 da ta fito a 2019, duk wayar da ta taɓa hawa waifai ɗinka tana iya fito da wani ɗan zane mai kusurwa huɗu da ake kira QR, aboki ya ɗauke shi da kyamara ya hau. Yaro ya ba abokinsa, abokin ya ba nasa, kafin mako ya zagayo majalisar unguwa ta koma bayan katangarsa.

Asarar data ita ce ƙaramar magana. Ka tuna layin da ke cikin na'urar nan da sunan wa aka yi masa rajista. Tun Disamban 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi. Duk abin da aka aikata ta waifai ɗinka, damfara ce, barazana ce, ko saƙo ne aka tura wa wanda bai kamata ba, idan masu bincike suka bi sawu, layinka za su fara tararwa, sunanka da hotonka ke kai. Wataƙila daga baya gaskiya ta fito, amma kafin nan kai ne za ka yi bayani. A garin da kalmar "infoma" ta raba zumunci ta jefa mutane cikin wahala, wannan ba abin wasa ba ne. Magabata sun ce da ɗan gari akan ci gari. Ban ce yaran da ke zama a dakalinka mugaye ba ne, yawancinsu ƙwallo da TikTok suka kawo su. Amma cikin goma sha huɗun nan, aminina uku kawai ya iya kiran sunan iyayensu.

Gyaran ba ya cin rabin awa, kuma ba sai ka kira injiniya ba. Ka juya na'urar, za ka ga takarda manne a ƙasanta ko a ƙarƙashin batir, ɗauke da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Ka hau waifai ɗin, ka rubuta adireshin a wurin da kake buɗe shafukan intanet. Wasu na'urorin kuma manhaja suke da ita. A nan za ka gane makulli biyu ne, ba ɗaya ba. Na farko shi ne kalmar da ake hawa waifai da ita. Na biyu shi ne na shiga shafin sarrafa na'urar kanta, wanda a na'urori da yawa yake zuwa daga kamfani a matsayin "admin". Idan ka bar shi haka, duk wanda ya hau yana iya shiga ya ga kalmar sirrinka, ya sauya ta, har ya kore ka daga abin da ka saya da kuɗinka. Shi za ka fara sauyawa.

Sai kalmar waifai. Kada ka sa lambar wayarka, ko sunan ɗanka, ko shekarar aurenka, ko 12345678, domin waɗannan ake fara gwadawa. Tsawo ya fi wuya amfani. Ka haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa da juna, ka soka lamba a tsakani, irin abin da kai za ka riƙe a ka amma wani ba zai hasasho ba. Da zarar ka sauya, duk wayoyin da ke kai za su sauka, sai wanda ka sa wa sabuwar da hannunka. Wannan ya fi toshe wayoyi ɗaya bayan ɗaya, domin wayoyin yanzu suna iya sauya lambar da na'ura ke gane su da ita, su dawo kamar baƙi.

A wurin da aka rubuta nau'in tsaro, ka zaɓi WPA2, ko WPA3 idan na'urarka sabuwa ce, shi a 2018 ya fito. Idan ka ga WEP ka guje shi, an daɗe da karya shi. Akwai kuma wani abu WPS da aka yi domin sauƙaƙa hawa da lambobi takwas. Tun Disamban 2011 masana suka nuna cewa ana iya gano lambobin da gwaji kamar dubu goma sha ɗaya kawai, aikin 'yan sa'o'i ga na'ura. Wasu daga cikin manhajojin "fasa waifai" da samari ke saukewa ta wannan ɓaraka suke bi. Ka kashe shi. Sannan ka ɗauke na'urar daga falon baƙi, domin mai riƙe da ita a hannu yana iya karanta takardar ƙasanta, ko ya danna ɗan ramin da ke mayar da ita yadda ta fito daga kanti.

Na san abin da ke ranka: maƙwabci fa? Mu ba mu saba hana wuta ko ruwa ba, kuma kunya ce a ce ka hana yaron da ya tashi a gabanka abin da bai fi cikin cokali ba. Ni ma ban hana ba. Na'urori da yawa suna da waifai na biyu na baƙi, mai kalmarsa daban, wanda ba ya kai mutum shafin sarrafawa, kuma kana iya ƙayyade yawan wayoyin da za su hau. Ranar da ɗan maƙwabcina ya yi sallama ya ce, "Baba, rajistar makaranta nake so in yi, datata ta ƙare," sai na ce, "Shigo zaure, kawo wayar." Na sa masa ta baƙi da hannuna, ya gama aikinsa, ya yi godiya, da dare na kashe ta. Ya samu biyan buƙata, ni kuma na san wanda ya shiga da lokacin da ya fita. Haka ake karɓar baƙo a gidan Bahaushe, ta zaure, da sanin maigida.

Ke ma uwargida, wannan magana taki ce, domin ke ce a gida da rana, kuma ke yara suka fi roƙa. Ki san inda ake duba jerin wayoyin, ki san adadin na gidanki. A zaunar da yara a gaya musu cewa kalmar waifai kamar makullin ɗakin hatsi take, ba a bayar da ita sai da izini, kuma a faɗa musu dalili, domin yaron da ya san sunan babansa ne ke kan layin ya fi kiyayewa. Idan da wayarka kake raba wa iyali data, dokar ɗaya ce: kalma mai tsawo, ƙayyade masu hawa, kashewa idan an gama.

Yau bayan isha, idan ka sa wa ƙofa sakata, ka buɗe shafin na'urarka ka ƙirga wayoyin da ke kai. In adadin ya yi daidai da mutanen gidanka, ka gode wa Allah. In ya wuce, ka sauya kalmar kafin ka kwanta. Allah ya ƙara mana zaman lafiya a Birnin Gwari da ƙasa baki ɗaya.