Morai: Kifin da Haɗarinsa Ya Fi Yawa a Cikin Tukunya

A kogunan murjani na Bahar Maliya, daga gaɓar Port Sudan zuwa Jidda, akwai wani kifi mai zubin maciji da ake kira morai. Wanda ya san gaiwa zai ga ɗan kama, amma morai ɗan teku ne, kuma danginsa sun kai kusan iri 200. Babbansu yakan kai mita 3, nauyinsa kilo 30. Jikinsa ba shi da ɓawo, yauƙi ne ya lulluɓe shi, shi ya sa yake sulalewa cikin tsagar dutse ba tare da ya kuje ba.

Bakinsa da kullum yake buɗewa yana rufewa shi ne ya ja masa mugun suna. Numfashi yake yi: yana tura ruwa ta maƙogwaro domin ya samu iska. Ganinsa ba shi da ƙarfi, da hanci yake farauta, galibi da dare. Idan ya ciji mutum, yawanci hannu aka zura masa a rami, ko an miƙa masa abinci ya kasa bambanta yatsa da nama.

Cizon kuwa ba wasa ba ne. Haƙoransa sun karkata ciki, kuma a 2007 Rita Mehta da Peter Wainwright na Jami'ar California da ke Davis suka nuna cewa yana da muƙamuƙi na biyu a maƙogwaro, wanda ke zabura zuwa baki ya janye abin da aka kama. Fizge hannu kan ƙara yaga nama, raunin kuma yana saurin ruɓa.

Sai dai babban haɗarin yana ga mai ci. Wasu ƙananan halittun ruwa suna samar da guba mai suna siguwatoksin. Ƙananan kifaye su ci su, morai ya ci kifayen, gubar ta taru a jikinsa, musamman a hanta. Wuta ba ta kashe ta, gishiri da ƙanƙara ma haka, kuma ba ta da wari. Wanda ya ci yakan yi amai da gudawa, leɓɓansa su dinga tsirawa, ruwan sanyi ya zame masa tamkar garwashi. Gubar ba ta da makari, sai jinya a asibiti. Gwargwadon girman kifin, gwargwadon gubar da ya tara, don haka wanda ya fi cika ido a kasuwa shi ya fi cancanta a bar wa teku.