Sunan da Ba Shi da Takwara



Ina ɗan shekara tara a makarantar allo, nan Kanan Bakashe, na wanke allona na zubar da ruwan a kan hanyar awaki. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, bai ɗauki bulala ba. Cewa ya yi in durƙusa in kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar da hannuna, in kai ta gindin itace inda ƙafa ba ta takawa, domin akwai Ismul Jalala a cikin abin da na wanke.

Sai da na yi nisa a karatu na gane nauyin abin da na ɗauka a tafin hannu ran nan. Sunan Allah ba a jam'insa, ba a yi masa siffar mace. Sauran kyawawan sunaye, waɗanda hadisin Abu Huraira a Buhari da Muslim ya ambaci 99 daga cikinsu, duk bayansa suke bi suna siffanta shi. Aya ta 65 a suratu Maryam ta jefa wa halitta tambaya ko sun san masa takwara, har yau ba mai amsa. Suratul Mujadala kuwa ayoyi 22 gare ta, babu wadda sunan bai zo a cikinta ba.

Amma sanin sunan kaɗai bai taɓa tserar da kowa ba. Kuraishawa sun san shi tun kafin aike, shi ya sa aka kira mahaifin Annabi (SAW) Abdullahi. Arnan ƙasar nan ma sun yarda Allah ne ya yi sama da ƙasa, sai dai idan buƙata ta taso wurin iskoki suke kai yanka.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan rubutu, kuma da kunya nake faɗarsa. Bara, gab da babbar salla, na kai rago kasuwa. Mai saye ya matsa, sai na ji bakina ya ce: "Wallahi an taya shi jika 80." Alhali 75 aka taya, kuma ina sane. Ya ce: "Tunda liman ya rantse, magana ta ƙare." Ya ƙirga kuɗi ya ja ragonsa.

Ni da nake karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid, na san hukuncin. Wanda ya rantse a kan abin da zai yi sannan ya saɓa, yana da mafita: ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in bai samu ba ya yi azumin kwana uku. Wanda ya rantse da gangan a kan ƙarya kuwa, kaffara ba ta goge masa. Sai tuba, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Malamai suna kiranta gamusa, mai dulmuyar da mai ita cikin zunubi.

Ina ganin yadda matasanmu suke rubuta "wlh" a waya sau goma cikin hira ɗaya, a kan ƙwallo da farashin mai. Da na so in yi musu faɗa, amma da wane baki?

Kasuwa uku na yi ina cigiyar mutumin wurin dillalai kafin aka ce mini daga wani ƙauye yake ta wajen Tasawa. Da na miƙa masa jika biyar ɗinsa, na gaya masa dalili, bai ce komai ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓa ya sa a aljihu.